Rigar mota a Kano: daga awo zuwa kasuwa, zuwa hunturu da damina

Motata Corolla ce ƙirar 2006, kuma a ƙofar gida take kwana, ƙarƙashin darbejiya, babu rumfa babu gareji. Abin da ya kai ni ga neman rigar mota shi ne ganin yadda rana ta fara dusashe fentin rufin, fitilun gaba suka fara komawa rawaya, ga kashin tsuntsaye da 'ya'yan darbejiya kullum safiya. Na ɗauka abu ne na shiga kasuwa a miƙa kuɗi a ɗauko. Da na shiga lamarin sai na tarar rigar da aka saya don kare fenti ita ce take iya cinye shi, in ba a dace da girmanta ba ko aka riƙa ɗora ta a kan ƙura. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta yadda na bi matakan ɗaya bayan ɗaya, don wanda zai saya ya shiga kasuwa da idonsa a buɗe.

Tun kafin a fita daga gida ake fara aikin, da tef ɗin awo. Tsawon mota ana auna shi ne a miƙe a ƙasa, daga bakin bambar gaba zuwa ƙarshen bambar baya, ba a bi ta kan bonet da rufi. Hanya mafi sauƙi ita ce a ajiye dutse ko bulo daidai da kowace bamba, a janye motar, a auna tsakaninsu. Sai faɗi, daga gefe zuwa gefe bayan an naɗe madubai, sai tsayi daga ƙasa zuwa rufi. Tawa ta ba ni kusan mita 4.5 a tsawo, mita 1.7 a faɗi, tsayi kuma ɗan ƙasa da mita 1.5. Camry ɗin da ake kira Muscle ta kai mita 4.8, Sienna kuwa ta haura mita 5. Na rubuta lambobin a takarda na sa a aljihu, kuma wannan takardar ce ta fi yi min amfani a kasuwa, domin haruffan M da L da XL da ake bugawa a jikin jaka ba su da ƙa'ida ɗaya. L ɗin wani kamfani XL ɗin wani ne. A nemi awon santimita da ke rubuce a ƙasan harafin, a zaɓi wadda ta ɗara tsawon motar da santimita 10 zuwa 20 kawai. A kuma lura da abin da ya fito daga jikin motar: eriya a rufi ko a bayan but, ƙarfen ɗora kaya, ko safayar taya a ƙofar baya kamar ta tsofaffin RAV4. Rigar ƙaramar mota ba ta zama a kan jif ko da tsawonsu ɗaya, saboda bayan jif a tsaye yake.

Na fara da shagunan kayan ƙawata mota na Sabon Gari, daga nan na wuce Ƙofar Ruwa. Abin da ya fara ruɗa ni shi ne dukkansu a cikin jaka kama ɗaya suke, launin azurfa, kowanne mai shago kuma yana rantsuwa tasa ce mai kyau. Sai da na dage aka riƙa zuge jaka ana fito min da su sannan bambancin ya bayyana. Akwai mai arha, sirara, wadda in ka murza ta tana ƙara kamar leda, cikinta babu komai ko kuma an liƙa mata wata farar auduga mai saɓulewa. An yi min kuɗinta tsakanin naira dubu 12 zuwa 15. Akwai ta yadin lema, wadda za ka ga an rubuta 190T a jikinta, marar nauyi, tana tare ƙura amma iska na wasa da ita. Sai mai kauri, wadda ake rubuta wa 210D ko 300D, wasu har 420D. Lambar D kaurin zaren da aka saƙa yadin take nunawa, mafi girman lamba mafi ƙarfin yadi, mafi nauyi kuma. Amma kada a dogara da rubutun jaka kawai, don ba kowane rubutu ne yake daidai da abin da ke ciki ba. Gwajin da na riƙa yi guda huɗu ne. Ina ɗaga yadin sama in kalli rana ta cikinsa, in haske yana ratsowa sosai to zafi ma zai ratso. Ina goga cikin rigar a bayan hannuna, in na ji kaushi na ajiye, domin wannan ɓangaren ne zai kwana a kan fenti. Ina jan ɗinkin da hannu biyu in ga ko ramukan allura za su buɗe. Sannan in sayi fiya wata in zuba kaɗan a kan ɗinkin kansa, ba a tsakiyar yadi ba, don ta ɗinki ruwa yake shiga.

A wani shago mai kayan ya shimfiɗa min wata mai nauyi sosai, kusan tamfol ɗin rufe buhuna, ya ce, "Alhaji, wannan ko kwana ruwa ya yi yana zuba, ɗigo ɗaya ba zai taɓa motarka ba." Na ce masa, "Malam, to ta ina danshin da ke ciki zai fita?" Ya yi dariya ya ce ai ba wanda ya taɓa yi masa wannan tambayar. Ita ce kuwa tambayar da ta fi muhimmanci. Ƙasa tana fitar da tururi, musamman bayan ruwan sama, tururin yana hawa ta ƙarƙashin mota ya taru tsakanin riga da bodi. In yadin bai barin iska ta wuce, rana na fitowa sai wurin ya zama ɗumi da jiƙa, fenti ya yi farin hazo, cikin mota ya fara warin ruma. Tamfol ɗin roba bai dace da mota ba ko kaɗan, komai ingancinsa a kan kaya. Gaskiyar magana kuma, yawancin masu kaurin da ke kasuwarmu an shafe su da roba ta ciki don tare ruwa, saboda haka su ma numfashinsu kaɗan ne. Abin nema shi ne mai tagogin iska, wasu 'yan buɗaɗɗun wurare da aka rufa wa marfi daga sama, galibi kusa da madubai ko a baya. In babu, tela zai iya yi. A ƙarshe na tsaya a kan mai 210D, launin azurfa a waje, cikinta shimfiɗe da yadi mai laushi, da roba mai ɗamewa a bakinta gaba da baya, da aljihun madubi. Ya fara da dubu 45, muka daidaita a dubu 33. Farashin kaya yana motsi kullum, don haka a ɗauki wannan a matsayin ma'auni na tsakanin mai arha da mai kyau, kusan ninki biyu zuwa uku.

Kafin in biya na kafa sharaɗin sai an gwada a jikin motar. Masu shago ba sa son haka, don riga in ta fito daga jaka mayar da ita yadda take aiki ne, kuma da yawa ba sa karɓar kaya in sun fita. Sai da muka ɗan ja, sannan ya haɗa ni da yaron shagonsa muka taka zuwa inda na ajiye motar. Wanda zai yi wannan ya je da mota a wanke, ko aƙalla ya kakkaɓe ta. A wajen gwaji ga abin dubawa: alamar gaba tana gaba, aljihun madubi ya faɗa daidai kan madubi ba tare da an ja ba, robar ta shige ƙarƙashin bamba ta kama, gefen kuma ya sauko ya rufe ƙasan ƙofa har zuwa kusan rabin taya amma bai taɓa ƙasa ba. Wadda ke jan ƙasa tana kwasar yashi da laka ta kai su jikin fenti. Wadda ta yi ɗamewa har sai an yi kokawa da ita kuwa, a kusurwar bamba za ta fara yagewa cikin 'yan makonni. Ta farko da muka gwada ta yi yawa a baya, tana lilo kusan kamu biyu, yaron ya koma ya kawo ta ƙasa da ita, ta zauna. Na karɓi rasit, na sa aka rubuta girman da sharaɗin canji a kai.

Daga kasuwa ban wuce gida ba, wajen masu ɗinkin kujerun mota na nufa, don su ne ke da keken da ke iya huda yadi mai kauri da zaren da ba ya ruɓewa a rana. Telan gida ba zai iya wannan aikin da kyau ba. Rigar ta zo da igiya ɗaya siririya a tsakiya, wadda na san ba za ta tsaya wa iskar hadari ba. Na ce wa maigidan wurin ya sa min bel uku masu faɗi da za su ratsa ta ƙarƙashin mota: ɗaya bayan tayoyin gaba, ɗaya a tsakiya, ɗaya gaban tayoyin baya. Ya ɗauko makullan ƙarfe, na ce a'a, na roba nake so, kuma ya ɗinka ɗan yadi a bayan kowanne, saboda ƙarfe in iska ta kaɗa shi a jikin ƙofa tabo yake bari. Shi ma ya ba ni shawarar da ban zo da ita ba. Ya ce, "Yallaɓai, bari in ninka maka yadin a kusurwoyi huɗu da wurin wayfa, nan ne duk take fara mutuwa." Ya kuma yanka tagogin iska biyu a baya, ya liƙa raga a ciki, ya rufa musu marfi mai kallon ƙasa. Na sa aka rubuta lambar motar da fenti babba a gaban rigar, don riga mai lamba ba ta sayuwa a hannun ɓarawo. An ce in dawo bayan La'asar, na dawo na tarar babu wuta, aikin ko rabi bai kai ba, sai washegari na karɓa. Wanda zai kai irin wannan aiki ya sa a ransa cewa jira yana ciki. Dubu 6 na biya, har da kuɗin bel.

Mataki na gaba shi ne wanki, kuma ba a tsallake shi. Na kai motar aka wanke ta tas, aka shafa mata man ƙyalli, domin wannan man ne zai zama shamaki tsakanin yadi da fenti. Bayan wanki ruwa yana maƙalewa a cikin madubai, hannun ƙofa, bakin but da robar gilashi, ya riƙa tsiyaya daga baya. A ɗan zaga da motar, a bar ta ta sha iska har ta bushe sarai. Wanda kuma bai daɗe da fito da motarsa daga wajen fenti ba, kada ya rufe ta sam. Sabon fenti yana ɗaukar makonni yana fitar da sinadarin da aka dama shi da shi kafin ya yi tauri, rufe shi yana sa ya dusashe ko saƙar yadin ta fito a jikinsa. A ba shi wata ɗaya zuwa biyu, ko abin da mai fentin ya faɗa.

Sanya rigar yana da tsari, kuma in an saba bai wuce minti uku. In an dawo daga tafiya a bar inji ya huce kamar rabin awa, don salansa tana da zafin da zai iya narkar da robar cikin yadi ta manne. A rufe gilasai, a naɗe madubai in rigar ba ta da aljihu, a kwance eriya in mai kwancewa ce, a tabbata wayfa tana kwance. Sai a ɗora rigar a naɗe a kan rufi, a warware ta zuwa gaba a maƙala a bamba, a warware zuwa baya a maƙala, sannan a sauke gefe da gefe, a ɗaure bel. Ba a jan ta a kan bodi daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Cirewa ma haka: a kwance bel, a ɗaga gefen dama a kifa shi a kan rufi, a ɗaga na hagu a kifa, sannan a nannaɗe daga gaba zuwa baya. Manufar ita ce cikin rigar kada ya taɓa ƙasa, kada kuma ya haɗu da bayanta mai ƙura. Na ga masu gadi da yara suna fizge riga su jefar a ƙasa, da yamma su ɗauka su mayar. Duk wanda wani ne ke rufe masa mota, ya tsaya ya nuna masa da hannunsa.

Hunturu ne ya gwada komai. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris iskar arewa maso gabas tana kawo ƙura daga Sahara, mai yawa daga kwarin Bodele da ke Chadi, kuma ƙurar nan lallausar garin ma'adini ce da ta fi fenti tauri. Shi kuwa ɓawon da ke sa fenti ƙyalli, kaurinsa bai kai na silin gashi ba. Mota ta yini a gari, ƙura ta lulluɓe ta, a dawo a ɗora mata riga, iska ta kwana tana kaɗa yadin: abin da ake yi wa fentin ke nan daidai da goga masa samfefa. Wanda yake son ya ga sakamakon ya dubi baƙar mota da aka daɗe ana yi wa haka, da hantsi, ya karkata kansa ya kalli gefen rufi da kusurwar but da bakin madubi. Zai ga wuraren sun yi fari-fari, da siraran layuka birjik, alhali tsakiyar ƙofa tana nan da ƙyallinta. Nan ne yadi ya fi gogawa. Saboda haka na kafa wa kaina doka: a hunturu, ranar da motar ta fita ba a wanke ta ba, ba na rufe ta. Ƙurar da ta kwanta a kan mota a buɗe ba ta yin ɓarna sai an goga ta, ruwa zai tafi da ita. In zan ajiye ta na kwanaki, sai in wanke, ta bushe, in rufe, in ɗaure bel ɗin tamau yadda yadin ba zai yi fuka-fuki ba. Kafin in cire kuma sai na kakkaɓe ƙurar da ke bayan rigar tukuna. A ganina mai fita da mota kullum ba shi ne ya fi buƙatar riga ba, shi abin tare rana na gilashin gaba ya ishe shi da rana, in da hali kuma ya kafa rumfa. Riga ta mai ajiye mota ce: mai tafiya, mai mota biyu, wanda sai ƙarshen mako yake tayar da ita.

Da bazara ta shigo, daga Maris zuwa Mayu lokacin da zafi ke haura digiri 40, sai amfaninta ya fito fili. Launin azurfa yana mayar da hasken rana, sitiyari ya daina ƙona hannu, dashbod da kujeru suka samu sauƙi. A wannan lokacin ne kuma mai arha take tona asirin kanta, azurfar tana barewa ta bar gari a kan gilashi, robar tana yin laushi ta manne da rufi. Kashin tsuntsu in ya faɗo a kan riga a wanke shi da wuri, yana cin yadi kamar yadda yake cin fenti. Akwai wani abin da ba a cika faɗa ba: mota a rufe wuri ne mai duhu da kwanciyar hankali ga ɓera da kyanwa da ƙadangare. Ɓera yana shiga ɗakin inji ya yi sheƙa ya ci wayoyi. Duk mako a yaye rigar, a buɗe bonet a leƙa, a tayar da inji ya yi kamar minti 15, batir ma ya samu caji. Inda awaki ke yawo kuwa, riga ba ta hana kofato lotsa bonet, sai dai a canza wurin ajiya.

Damina tana zuwa da iska kafin ruwa, kuma a nan bel ukun nan suka biya kuɗinsu. Na ga rigar maƙwabci ta tashi ta maƙale a waya, tawa ko motsi ba ta yi ba. Amma aikin damina yana bayan an ɗauke ruwa. Komai kyan riga, danshi zai shiga, ko ta ɗinki ko daga ƙasa. Da rana ta fito sai in cire ta, in shanya a igiya cikinta yana waje, in buɗe ƙofofin motar na ɗan lokaci, sai duka biyun sun bushe in mayar. A watan Agusta, da ruwa ke jerawa kwana da kwanaki, sau da yawa barinta nake a buɗe, don ruwan sama a kan fenti mai man ƙyalli bai kai jiƙaƙƙiyar riga illa ba. In an ga farin hazo a bonet bayan an cire riga, a bar motar a rana, sau da yawa yana bajewa da kansa cikin yini ɗaya ko biyu. In ya ƙi, sai mai goge fenti. Kada kuma a naɗe riga da danshi a jefa a but, kwana biyu ya isa ta yi baƙin tabo da wari.

Wankin rigar kanta sau ɗaya a wata ya wadatar a hunturu, sauran lokuta in ta yi datti. Hanyar da ta fi min sauƙi ita ce in wanke motar, in ɗora rigar a kanta, in wanke bayan da soso mai laushi da sabulun ruwa kaɗan a bokiti, in ɗauraye sosai, sannan in juya ta in yi wa cikin haka. Garin sabulu mai ƙarfi da bilic da burushi mai tauri suna kankare abin da ke tare ruwa, injin wanki kuma yana yaga ɗinki. A shanya a inuwa, ba a guga. Ƙaramar yagewa a kai wa tela tun tana ɗan yatsa, ya sa faci ta waje, don facin ciki yana da kaushi. Robar gaba da baya in ta saki, canza ta ba ya da tsada. A zafin ranar Kano, riga mai kyau da ke kwana a waje kullum da wuya ta wuce shekara biyu. In ka shafa ta gari ya biyo hannunka, ko shimfiɗar ciki ta fara barewa har robar yadin tana taɓa bodi, ko ka ja ta kaɗan ta tsage ba tare da ƙara ba, to ta gama aiki a kan mota. A mayar da ita rufin buhuna ko itacen girki, a sake ɗauko takardar awo.